Akwatin da Ke Bayan Tanki

Kawu Mita bai iya zama ba. Tun ina yarinya haka na san shi, ko abinci yake ci ƙafarsa ɗaya na karkaɗawa, idonsa na ƙofa. Ƙanen mahaifiyata ne. Aikinsa na duniya karanta mitar ruwa, gida-gida, lungu-lungu, har sunan aikin ya bi shi ya danne nasa na yanka. Ya san gidan da karensu ke cizo da wanda haushi kawai ya iya. Ya san matar da ke ɗora tukunyar fure a kan mita don kada a gani, ya san maigidan da ke laɓewa a banɗaki ya aiko yara su ce ba ya nan. Da ya ajiye aiki muka ce madalla, ƙafa za ta huta. Ashe mun yi saurin murna.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya koya masa wasan da ya hana mu sakat. Mutum zai sami akwati ko gwangwani, ya sa takardar sa hannu da 'yan tarkace a ciki, ya ɓoye a wani wuri, sannan ya rubuta lambobin wurin a wani shafi na intanet. Duk mai sha'awa ya kwafi lambobin, na'ura ta kai shi kusa, sauran aikin kuma na ido ne da hannu. In ya samu ya sa hannu, ya mayar da abin yadda ya tarar, ya koma shafin ya ba da labari. In ya ɗauki wani abu daga ciki dole ya ajiye wani a madadinsa. Ba lada, ba kyauta, ba mai tafa maka. Su farauta suke ce masa. Ni aikin marasa aikin yi nake ce masa, kuma a gabansu nake faɗa.

Bayan rasuwar matarsa Kawu ya dawo gidana, muka ba shi ɗakin da ke jikin shagona na ɗinki. Daga lokacin maɓallaina suka fara yin ƙafa. Yau babu manyan maɓallan kwat, gobe babu kwarkwaron zare, wata rana har ƙaramin almakashina mai jan hannu na nema ƙasa da sama na rasa. In na tambaya sai ya ce ai suna inda za a ji daɗinsu. Da sassafe zai rataya na'urarsa a wuya, wata baƙa mai kauri mai cin batir, ya ɗauki gorar ruwa ya fita. Sai la'asar za ka gan shi, ƙaya a wando, yana murna wai ya sami gwangwani ɗaya a gindin wata gada.

Autata ce kaɗai a gidan ta ɗauki cutar. Tana karatun jinya, kuma tun tana ƙarama ita da shi ba a jin kansu, kullum suna tsokanar juna. Shi ya fara fita da ita, amma ba a daɗe ba ta sami nata mutanen, samari da 'yan mata masu waya a hannu. Nan aka raba gari. Su abin da suke ɓoyewa bai fi kan ɗan yatsa ba, ɗan kwanon ƙarfe mai maganaɗisu da za a manna a ƙasan benci ko bayan allon titi. Suna hawa babur su share unguwa guda kafin azahar, kowa na duba yawan abin da ya samu. In sun koma shafin kalma biyu suke rubutawa, na gode, shi ke nan. Shi kuwa Kawu in ya sami akwati ɗaya sai ya kwana biyu yana tsara labarinsa, har tsuntsun da ya gani a hanya sai ya shiga.

A kan tabarmar cin abinci ake wannan shari'ar, ni ce alƙali ba da son raina ba. Ya ce mata su ba farauta suke yi ba, tsintar ƙuma suke. Ta ce shi kuma kaya yake ɓoyewa kamar mai ƙaura. Na'urarsa bulo take ce mata, ta ce ranar da ta faɗo masa a ƙafa sai an yi ɗori. Shi kuma ya ce wayarta ta mayar da ita akuyar da ake ja da igiya, kai a ƙasa, ba ta san inda ta bi ba. Suna yi suna dariya, amma na san kowa har zuciyarsa yake nufi.

Cikin duk abin da Kawu ya ɓoye, ɗaya ne yake ji da shi. A gefen gari akwai wani tudu mai duwatsu, a samansa tsohon tankin ruwa da aka daina amfani da shi tun yana bakin aiki. Can ya kai wani akwatin ƙarfe na kayan aiki, ya yi masa fenti, ya zagaye bakin murfin da robar taya don kada ruwa ya shiga. Shi ne na farko da ya ɓoye, kuma yana cikin mafi daɗewa a duk yankin. Masu wasan kan rubuta ɗan hasken da zai taimaki mai nema, shi ya ƙi. Ya ce wanda ya iya hawa tudun ya iya buɗe ido. Ba a cika samun akwatin ba, amma duk wanda ya same shi sai ya rubuta dogon labari, iska kaza, gari kaza, na zauna na manta da kaina. Kawu zai sa tabarau ya karanta a tsohuwar kwamfutar Auta, ya sake karantawa, ya leƙo shago ya karanta min ina tsakiyar yanka. Ita Auta ba ta taɓa hawa ba. Ta ce a lokacin da za ta ɓata a kan akwati ɗaya ta sami goma a cikin gari.

Sai gwiwa ta kama shi. Ta fara da ɗan ciwo in ya sauko matakala, ta koma kumburi, har likita ya ce masa tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kaɗan-kaɗan, hawa kuwa ya manta da shi. Wanda bai san Kawu ba zai ce ai sauƙi ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ƙafa aka ce ya zauna. Ya koma zagayen tsakar gida da sanda, daga ƙofa zuwa famfo, daga famfo zuwa ƙofa. Ya gyara min ƙafar keken ɗinki da ba abin da ya same ta. Ya jera min zare bisa launi, ya warware, ya sake jerawa bisa girma. Ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa har cikin kaina, ina tausayinsa, ina kuma jin kamar in kulle shi a ɗaki.

A daminar nan aka yi ruwa mai yawa. Masu hawa tudun suka fara rubuta cewa sun nema ba su samu ba. Ɗaya ya rubuta, wani ya bi, wani ya ce ƙila an sace. Sai mai kula da shafin ya aiko da saƙo cikin ladabi: ƙa'ida ce mai akwati ya je ya duba abinsa, in ba zai iya ba za a cire shi daga jeri. In an cire, ba wanda zai sake ganin lambobinsa, ba wanda zai sake hawa. Ranar Kawu bai ci abincin rana ba. Na ce masa akwati ne fa, ba ɗa ba. Ya dube ni kamar na zage shi.

Auta ce ta ce za ta je ta duba masa. Ta tambaye shi daidai inda yake, ya ce ai ba ta taɓa samunsa ba, don haka ita ma mai nema ce, kuma mai nema ba a gaya masa. Na ce Kawu wannan wane irin taurin kai ne, gidanka na cin wuta kana ɓoye guga. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Ta ɗaga kafaɗa ta tafi. Da yamma ta dawo takalmi duk laka, hannu duk ƙarce, ta ce yana nan lafiya lau. Ya tambaye ta me da me ke ciki, ta ce hadari ya taso ba ta tsaya dubawa ba, ta shige wanka. Shi murna ta rufe masa ido. Ni da na haife ta na ga ba ta yarda sun haɗa ido ba, amma na ja bakina, don ranar ce ya fara cinye abincinsa tun da aka fara maganar.

Daga nan samu ya yi ta zuwa kamar an buɗe famfo. Akwatin da kan yi wata ba a taɓa shi ba, yanzu kusan kullum sai an ce an same shi. Da farko Kawu ya yi ta fahariya, har yana cewa yaran zamani sun fara hankali. Bayan 'yan kwanaki fahariyar ta ragu. Sai ya zauna gaban kwamfuta ya karanta, ya tashi, ya dawo. Ya ce min ba wanda ya ambaci iska. Ba wanda ya ce ya huta a hanya. Kowa na gode, na gode, kamar an ba su canji a kanti. Na ce to ai haka suke rubutu, kai ma ka sani. Ya ce a'a, akwai dai wani abu. Sandar ta dawo zagaye, wannan karon har da magana shi kaɗai.

Wata safiya ya leƙo shago da tabarau a karan hanci ya ce in saurara. Wani yaro ya rubuta cewa abu mai sauƙi, ko daga babur bai sauka ba.

"Babur ba ya hawa can," in ji Kawu. "Akuya ma sai ta yi shawara."

Na ce ya bari Auta ta dawo daga makaranta su yi magana, na ci gaba da ɗinkina. Can na lura gidan ya yi tsit. Ba ƙwas-ƙwas. Na leƙa ɗakinsa, ba shi, ba sanda, ba bulo a jikin ƙusa. Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura, na kira Auta na ce duk abin da take yi ta bari ta same ni a gindin tudu. A motar haya ina ta ayyana shi kwance tsakanin duwatsu, ina addu'a ina faɗa a zuci, ni kaɗai.

A bakin titi muka same shi, inda shingen ƙarfe ya zagaye ƙasan tudun. Yana zaune a kan kwalbati, ƙafar mai ciwo a miƙe. Ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan kwanon ƙarfe ne mai maganaɗisu, da 'yar takarda a naɗe a ciki, cike da sa hannun mutane. A jikin shingen ya ciro shi, daidai tsayin hannun mai babur.

Bai tambayi wanda ya sa ba. Auta ma ba ta tsaya musu ba. Ta ce ranar ta hau, ta zagaye tankin har ta gaji, ta cusa hannu a kowane rami, ba ta ga komai ba. Ta tabbata an sace. Ta san in ta faɗa masa zuciyarsa za ta karye, in kuma aka yi shiru za a cire shi. A wurinsu in akwatin wani ya ɓata, ka sa masa wani a madadi, taimako ne, har godiya ake yi maka. Ta sa shi a ƙasa ne, ta sanar da abokanta inda yake, don mutane su riƙa samu, sunan ya rayu.

Kawu ya juya ɗan kwanon a hannunsa. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi ihu da ya fi min sauƙi.

"Suna na ce miki ina so ya rayu? Kin tare mutane a bakin ƙofa kin ce musu nan ne ƙarshen tafiya. Duk waɗannan da suka sa hannu, ko ɗaya bai hau ba, kuma ba zai sake zuwa ba, don a wurinsa ya riga ya samu."

Na zaci za ta yi kuka. Ina, jininsa ce. Ta ce masa shi ma ya ji nasa. Ta roƙe shi ya faɗa mata wurin ya ƙi. Lambobin da bulonsa ya bayar tun shekarun baya sun kauce, wayar kowa wajen wani dutse take kai shi. Bishiyar da masu samu na da suke ambata a shafin an sare ta tuni, ko kututture babu. Mutane sun yi ta wahala a banza shi yana zaune yana taƙama da ƙa'ida. Ta ce da ba ta sa wannan abin da yake raina ba, da yanzu babu akwatin a jeri balle a yi faɗa a kansa.

Kowa da gaskiyarsa, kuma ni haushin su biyun nake ji. Na ce musu tsoho da budurwa sun tara min jama'a a bakin titi a kan gwangwani, ga rigar mutane can na bari, in ba su da kunya ni ina da ita. Ba wanda ya kula ni. Kawu ya dafa sanda ya miƙe, ya bi ta inda shingen ya yage, ya fara hawa. Na kira shi bai waiwayo ba. Bai yi nisa ba gwiwar ta ƙi. Na ga ya tsaya, ya sake ɗaga ƙafa, ta sake ƙi. Ya daɗe a tsaye yana kallon tankin can sama. Sannan ya juyo a hankali, muka kama shi muka zaunar a kan wani dutse. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka fita da matarsa. A nan faɗana ya ƙare.

Ya kira Auta da hannu. Maganar ta fito masa da ƙyar kamar ana cire masa haƙori. Ya ce ta bar wayar a aljihu, ta zagaya bayan tankin, ta nemi tsohon bututun da ya sauko ya shige ƙasa. Ta bi shi da ƙafa. Inda ya nutse akwai ramin mita mai murfin siminti, irin wanda ya yi rayuwarsa yana ɗagawa. Ya ce ƙila ruwa ya jawo ƙasa ya rufe shi, ta tona da hannu. Ya miƙa mata ɗan kwanonta ya ce ta tafi da abinta.

Ta hau. Muka zauna muna jira, ƙafarsa mai lafiya na ta karkaɗawa, yana tambayata ko ina hango ta, ina cewa a'a, yana sake tambaya. Ya ce in an sace fa. Ya ce in ruwa ya shiga fa. Ya ciro bulo ya kunna ya kashe. Rana ta fara zafi, na yi masa inuwa da mayafina.

Wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Fuskar Auta ta fito duk gumi, tana haki. Ta ce ranar da ta fara hawa a kan murfin ramin nan ta tsaya ta sha ruwa. Ta juya wayar, ga akwatin, fentin ya koɗe amma ciki a bushe ƙayau. Ta riƙa ɗago abubuwa tana nuna mana: ƙaramar mota ta roba, makullin da ba a san ƙofarsa ba, maɓallan kwat ɗina, sai ga almakashina mai jan hannu. Na ce a dawo min da abina yanzun nan. Kawu ya ce sai ta ajiye wani abu. Muka ji ƙarar ɗan kwanon ya faɗa ciki, ya manne a jikin ƙarfen.

Tana ta nuna masa murfi da roba da takardar sa hannu, ya katse ta.

"Ba akwatin ba, Auta. Zauna a kan murfin simintin, ki ba tankin baya, ki ɗaga kanki."

Hoton ya girgiza, ya daidaita. Kawu ya karɓi wayar da hannu biyu, irin wayar da ya yi shekaru yana zagi. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisantar, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Rana na dukan gilashin, abin kuma ƙarami ne ga idon tsoho. Ya miƙo min ita.

"Ban ga komai ba," ya ce. "Ce mata ta faɗa min."

Ta fara faɗa. Ta ce ga gari gaba ɗaya, rufi bayan rufi har inda ido ya tsaya. Ga layin dogo, ga kasuwa, ga asibitin da take zuwa koyon aiki, ashe kusa yake da kogi ba ta sani ba. Ta ce tana jin ta gano rufin gidanmu. Shi kuma yana gyaɗa kai ido a rufe, yana cewa daga hagu akwai unguwar masu karnuka, bayanta layin da mitocinsu ke cikin kicin, duk ya shiga, gida ɗaya bai tsallake ba. Ta ce akwai iska. Daga nan maganarta ta yi ta raguwa, har muka daina jin komai sai iskar na bugun wayar.

Ya ce in gaya mata in mun koma gida ta juya akwatin zuwa sunanta, ta gyara lambobin da wayarta, ta rubuta ɗan haske in tana so, amma ƙarami. Na faɗa. Ban tabbata ta ji ba, don ba ta amsa ba, kuma can kiran ya katse.

Muka jira. Na duba hanya ba ta sauko ba. Na tuna rigar da ke ƙarƙashin allura da mai ita da za ta zo karɓa, na tuna ban ɗora komai a wuta ba. Na miƙe na kewaye dutsen, na dawo, na sake duba sama. Na ce wannan yarinya me take yi ne haka, na ɗaga waya zan kira ta. Kawu ya riƙe min hannu. Sai a lokacin na lura ƙafarsa ta daina karkaɗawa.

"Ƙyale ta," ya ce. "Duk wanda ya same shi ba ya saurin saukowa."